Tambayoyin Masu Karatu: Katin shiga jirgi ya koma waya, jakarmu fa?

Wasiƙun wannan karo duka daga Maraɗi suka fito, kuma duka kan tafiyar jirgin sama ne. Sana'ata sayar da biye ce a ajans, don haka zan amsa da abin da nake gani a teburina da abin da kamfanonin jiragen suka sanar da bakinsu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ƴar kasuwa ce, ina sarin leshi, abaya da turare daga Dubai, ta Yamai nake tashi. Ɗana da ke karatu a Turai ya ce mini can an soma ɗebe injinan da ke fitar da katin shiga jirgi, komai ya koma waya, har takardar nan da ake liƙa wa jaka an yi ta lantarki. Ya ce in aiko masa kuɗi ya sayo mini. Ni bokona bai yi nisa ba. Da gaske ne? In saya ko in bari?
Wata Hajiya daga unguwar Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara kasuwa. Yaronki gaskiya ya faɗa miki, sai dai abu biyu ya haɗa wuri ɗaya. Katin shiga jirgi a waya ya riga ya iso ƙofarki, dole ki koye shi. Alamar lantarki ta jaka kuwa da sauranta, kada ki yi saurin fitar da kuɗinki.

Mu fara da katin. Waɗanda suka daɗe suna tafiya za su tuna biyen da, mai shafi-shafi da jan kabon, wanda in ya ɓace mutum ya shiga uku. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta kawo ƙarshensa ranar 1 ga Yuni 2008. Tun daga ranar, biyenki yana cikin kwamfutar kamfani, takardar da muke buga miki a ajans tunatarwa ce kawai. Zuwa ƙarshen 2010 kuma aka mayar da katin shiga jirgi ya zama mai ɗauke da zanen nan na ɗigo-ɗigo da na'ura ke karantawa. Sunanki, lambar jirgi, ranar tafiya da kujerarki duk suna cikin zanen. To ita na'urar da ke bakin ƙofar jirgi ba ruwanta da ko a takarda aka buga zanen ko a fuskar waya aka nuna mata shi. Daga nan ne kamfanoni suka ga ba sa bukatar injin bugawa.

Kamfanin Alaska Airlines na Amurka ya sanar a 2023 cewa zai kwashe injinan rajista daga filayen da yake aiki, ya bar ƙananan alluna waɗanda aikinsu kawai fitar da takardar jaka. Ryanair, mai arhar biye a Turai, ya daina karɓar katin takarda daga 12 ga Nuwamba 2025, sai a ƴan wurare irin Maroko inda hukuma ta nace a kan takarda. Ina jin wannan ne ɗanki ya gani da idonsa. A Dubai ɗin da kike zuwa ma, Emirates ya fara tura wa yawancin fasinjojin da ke tashi daga can katinsu a waya tun watan Mayun 2023.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Inji kuɗi ne: a saye shi, a biya hayar wurin da yake tsaye, a sa masa takarda, a kira mai gyara in ya maƙale. Waya kuwa ke kika saya da kuɗinki, ke ke sa mata caji, ke ke sayen kiredi. Layi yana raguwa, wannan gaskiya ne, kuma ina murna da shi, domin na san wuyar tsayuwa da jakunkuna huɗu bayan kwana a mota. Amma a faɗi ɗaya gefen ma: aikin da ma'aikacin gishe ke yi miki a da, yanzu a kanki aka ɗora shi. In an yi kuskure kuma, ke za a ce kin yi.

Shi ya sa nake so ki iya abin tun daga gida. A takardar biyenki akwai wata lamba mai haruffa da alƙaluma guda 6. Ita ce makullin tafiyarki. Da ita da sunan mahaifi kamar yadda yake a fasfo ake shiga manhajar kamfanin ko shafinsa na intanet a yi rajista. Wasu kamfanoni suna buɗewa awa 24 kafin tashi, wasu awa 48. Ki zo ajans ɗin da ya sayar miki da biye a yi a gabanki, ki riƙe wayar da hannunki, a nuna miki inda za ki taɓa. Ba boko mai nisa ake bukata ba, wadda ta iya tura hoton leshi ga abokan ciniki ta WhatsApp za ta iya wannan. Da katin ya fito, ki ɗauki hoton fuskar wayar ki ajiye, domin hoton ba ya bukatar rezo. Ki tura wa wani na gida shi ma ya riƙe. Sannan, in dai kamfanin bai hana ba, a buga miki shi a takarda ki sa cikin fasfo.

Ki kuma lura da caji. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya haura kilomita 650, ta Ƙonni da Dogondutsi da Dosso, kuma yawancinmu muna shafe hanyar ne muna amsa kira muna sauraren saƙonni. Ana isa filin jirgin Diori Hamani na Yamai waya ta yi ja. Ki tanadi batirin ajiya, amma a jakar hannu, domin doka ta hana sa shi cikin kayan da za su shiga cikin jirgi ta ƙasa.

Kada kuma ki ɗauka rajista a waya ta raba ki da gishe. A Yamai har yanzu ma'aikaci ne zai duba fasfo da biza, ya ɗora jaka a sikeli, ya liƙa mata takarda. Waya ba ta rage kilo ko ɗaya. In haƙƙinki jaka biyu ne masu kilo 23, abin da ya hau kai sai kin biya, ko da wace irin na'ura kika zo.

Yanzu alamar lantarki. Kin san yadda ake yi a tashar motocin Yamai: a liƙa wa buhu ƴar takarda mai lamba, a ba ki ƴar'uwarta ki riƙe, sai kin nuna ta a sauke miki kaya. Na jirgi ma haka yake, illa dai lambarsa alƙaluma 10 ce, an zana ta da layuka baƙi da fari, kuma kwamfuta ta ɗaure ta da sunanki da jiragen da za ki bi. Alamar lantarkin ƴar na'ura ce da ba ta kai tafin hannu ba, ana ɗaure ta a marikin jaka. Idan kin yi rajista a manhajar kamfani, sai ki kara wayar a jikinta, lambar nan da layukan su bayyana a fuskarta. Irin fuskar da take da ita ba ta cin wuta sai lokacin da rubutu ke canzawa, saboda haka abin da ta nuna yana nan daram har ki isa. Wasu samfuran ma ba su da batir, daga wayar suke jan ƴar wutar da suke bukata. Lufthansa na Jamus ya fara aiki da irinta a 2016 tare da masu ƙera akwati na Rimowa, wani kamfanin Holand mai suna BAGTAG kuma shi ke yi wa kamfanoni da dama, har da kamfanin jirgin KLM na Holand da Alaska.

Abu ne mai kyau ga wanda aka yi dominsa: ma'aikacin da ke tashi kowane mako da akwati ɗaya, a kamfani ɗaya, daga filin da ke da wurin ajiye jaka ba tare da ma'aikaci ba. Ke kuwa Hajiya, duba lissafin. Alaska ya sayar da tasa dalar Amurka 89, wato wajen jika hamsin na sefa, kuma kowace jaka sai da tata. Ke da ke dawowa da jakunkuna huɗu ko biyar, kuɗin ya kai na wani sarin. Alamar kuma tana aiki ne kawai da kamfanonin da suka karɓe ta cikin manhajarsu, su kuma ƙidayayyu ne. In kamfaninki ba ya ciki, a gishe za a liƙa miki takarda kamar kullum, na'urar tana rataye ba aikin komai. Kuma mutane da yawa suna zaton tana nuna inda jaka take. Ba ta nunawa. Lamba kawai take ɗauke da ita.

Da za ki ji shawarata, kuɗin nan ki sa su a akwati mai ƙarfi. Filin jirgin Dubai ya daina karɓar jakunkunan da ba su da shimfiɗaɗɗen gefe tun watan Maris 2017, domin ƙunshin da aka ɗaure da igiya yana maƙale bel ɗin kaya. A ƙarshen 2023 kuma kamfanin jirgin Habasha, Ethiopian, ya hana fasinjojinsa na Najeriya shiga da jakar Gana-mas-go saboda wannan dalilin. Injinan rarraba kaya suna ƙara yawa, kuma jakar da ba ta zauna daidai a bel ba ita ce ake warewa gefe. Wannan ya fi kusa da ke fiye da alamar lantarki.

TAMBAYA: Malam, mahaifina zai tafi Umra. Ya manyanta, idonsa ya yi rauni, wayarsa kuma ƴar ƙarama ce mai maɓallai, kira kawai yake yi da ita. Na ji ana cewa wanda ba shi da babbar waya ba zai hau jirgi ba. Hankalina ya tashi.
Wani matashi daga Sabon Gari

AMSA: Ƙanena, kwantar da hankalinka, Baba zai hau jirgi da yardar Allah. Daga Yamai ko daga filin Malam Aminu Kano, a gishe za a ba shi katinsa na takarda. Ko Emirates da na ambata a sama ya bar ƙofa a buɗe: mai bukatar taimako, mai goyo, da wanda ba shi da waya, ana buga musu kati in sun nema. Ryanair da ya fi kowa tsanani ma ya ce wanda ya riga ya yi rajista, wayarsa ta mutu ko ta ɓace, za a ba shi kati a filin jirgi kyauta.

Inda wayar ta fi shafar Baba shi ne can Saudiyya. Izinin shiga Rauda a Masallacin Annabi (SAW) ta manhajar Nusuk ake neman sa, kuma akan duba shi a bakin wurin. Ka zauna da ajans ɗin da ke tafiyar da su, ka tambaye su ƙarara wane ne jagoran rukunin Baba, kuma wa zai nema masa wannan izinin. Ka karɓi lambar jagoran. Ka kuma nemi a rubuta wa Baba keken guragu a cikin biyensa tun yanzu, ko da yana iya takawa, domin filayen Jidda da Adis Ababa da Istanbul tafiya ce mai nisa ga dattijo, kuma mai tura keken shi zai bi da shi ta kowace ƙofa. Ba a biyan kuɗi a kan wannan, amma ana so a nema aƙalla kwana biyu kafin tashi. Sunansa da lambar wayarka da ta jagoran, a rubuta su da manyan baƙi, ɗaya a jikin akwati, ɗaya a ciki a saman kaya.

Tambayarka ta taɓa abin da ke damuna a wannan sauyin. Masu tsara shi suna kallon matafiyin da ke jin Turanci ko Faransanci, mai waya sabuwa da intanet da ba ya yankewa. Matafiyin da ke zama a gabana sau da yawa manomi ne daga Gidan Runji ko Madarunfa wanda ya sayar da amfanin gonarsa na shekaru don ya ga Ka'aba sau ɗaya. Ya biya kuɗin biye daidai da kowa. Ba na ganin adalci a ce irinsa ya tsaya gaban allo yana jiran wani fasinja ya tausaya masa. Kowane kamfani da ya kwashe injinansa, wajibi ne ya bar teburi da mutum mai rai a bayansa, kuma kada a caji dattijo ko sisi don ya nemi takarda. Hukumar COHO mai kula da aikin Hajji da Umra da mu masu ajans muna da namu nauyin: a bitar da ake yi wa maniyyata, yadda ake koya musu ɗaura harami, a ware lokaci a nuna musu katin shiga jirgi da rasiɗin kaya, a gaya musu da Hausa abin da kowanne ke yi. Ba zai ci rabin awa ba.

TAMBAYA: Na dawo daga Guwanzu ta ƙasar Sin, na sauya jirgi a hanya, jaka ɗaya ba ta fito ba a Yamai. Na jira har bel ya tsaya, motata kuma za ta tashi, sai na taho Maraɗi da niyyar in bi ta waya. Kwana shida ke nan. Ƴar takardar da suka manna mini a bayan fasfo tana nan. Abokina ya ce da na sa AirTag da ban sha wannan wahalar ba.
Wani Alhaji daga Ali Ɗan Sofo

AMSA: Alhaji, Allah ya bayyana ta. Ƴar takardar nan ka riƙe ta da kyau, yau ɗin nan ka ɗauki hotonta, domin lambar alƙaluma 10 da ke jikinta ita ce kaɗai sunan da jakarka ke amsawa a kwamfutocin duniya. Bayanin "baƙar jaka babba mai zif" ba ya kai mutum ko'ina, irinta dubbai ne.

Abin da ya rage maka shi ne takardar rahoton ɓatan kaya, wadda ake cikewa a ofishin kaya na filin jirgi. Ƙa'ida ita ce a cike ta kafin a fita daga zauren ɗaukar kaya, kuma ina roƙon duk mai karanta wannan ya riƙe hakan, ko da mota za ta tafi ta bar shi. Kai da ka riga ka taho, kada ka ƙara kwana. Ka koma Yamai, ko ka aika wani amintacce da hoton fasfonka, katin shiga jirgi da rasiɗin, ya je ofishin kamfanin da ya sauke ka, domin kamfanin ƙarshe ne ke buɗe fayil ko da a hannun na farko jakar ta tsaya. Za a ba ka lambar fayil. Da ita ake shigar da jakar cikin WorldTracer, rumbun da ɗaruruwan kamfanoni ke amfani da shi wajen haɗa jakar da aka tsinta da mai nemanta. Kiran waya ba tare da wannan lambar ba ɓata kiredi ne kawai.

Akwai abin da zai ƙarfafa maka gwiwa. Tun watan Yunin 2018, ƙudurin IATA mai lamba 753 ya ɗora wa kamfanonin da ke cikinta su riƙa ajiye shaidar jaka a wurare huɗu: lokacin da suka karɓe ta daga hannunka, lokacin loda ta a jirgi, lokacin sauya jirgi, da lokacin miƙa ta a inda ka sauka. Don haka kana da damar tambayar su inda na'ura ta gan ta na ƙarshe. Ƙididdigar SITA, kamfanin da ke yi wa jiragen sama aikin kwamfuta, ta nuna cewa a 2023 jaka 6.9 ce ta samu matsala a cikin kowane fasinja 1,000, kaso mafi girma a wurin sauya jirgi kamar naka, kuma akasarinsu jinkiri ne, suna isowa daga baya.

In kuwa ta kai kwana 21 ba ta zo ba, Yarjejeniyar Montiriyal ta 1999, wadda ke hukunta yawancin tafiye-tafiyen ƙasa da ƙasa, tana ɗaukar ta a matsayin ɓatacciya, sai maganar diyya. Nan ne ƴan kasuwarmu ke shan mamaki. Diyyar tana da rufi: daga ƙarshen Disamba 2024 an kai shi 1,519 a ma'aunin kuɗi na Asusun Lamuni na Duniya, abin da ya ɗan haura sefa miliyan ɗaya. Kan kowane fasinja ne, ba kan kowace jaka ba, kuma sai ka kawo shaidar abin da ke ciki. Ka tattara rasiɗan sarinka na Guwanzu tun yanzu. Nan gaba, kayan da darajarsu ta wuce wannan rufin, ko dai ka bayyana darajarsu a gishe ka biya ƙarin kuɗi, ko ka aiko su ta kargo da inshora. In jakar ta zo a fashe ko an taɓa ta, kwana 7 kawai kake da su na rubuta ƙorafi daga ranar da ka karɓe ta.

Maganar abokinka tana da ƙamshin gaskiya. AirTag, wanda Apple ya fitar a 2021, ɗan maɓalli ne da ake jefawa cikin jaka. Ba shi da intanet na kansa. Yana aika ƴar sigina ce, wayoyin iPhone da ke wucewa kusa da shi su ɗauka su sanar da inda yake, kai kuma ka gani a taswira. Daga ƙarshen 2024 an ƙara masa hanyar tura wa kamfanin jirgi wurin da jakar take, kuma kamfanoni da dama suna karɓa. Masu wayar Samsung suna da irin nasu mai suna SmartTag. A manyan filaye masu cunkoso yana aiki sosai, a ɗakin ajiyar da ba kowa ke shiga ba kuwa yakan yi shiru na kwanaki. Zai iya nuna maka jakarka tana filin da ka sauya jirgi, amma ma'aikacin da zai ɗauko ta ya sa ta a jirgin Yamai zai nemi lambar rasiɗi da lambar fayil. Ga ɗan kasuwa mai sauya jirgi irinka, ya fi alamar lantarki amfani kuma ya fi ta arha, sai ka sa shi a jakar da ta fi tsada. Idan ka samu lambar fayil ɗin, ka ba su adireshin wani naka a Yamai da lambar da ake samunka kullum, ka kuma tambaye su a rubuce ko za su kawo jakar Maraɗi ko kai za ka je ɗauka.